Gaɓa ta Goma Sha Biyu

Damina ta sauka Kozhikode da ƙarfinta,
ruwa na dukan kwanon ɗakin gawa kamar mai bin bashi.
Kunjappan, tsohon da ke riƙe da makullai,
ya yaye ƙyallen, ya ce, "Ku gaishe shi tukuna.
Shi ne malaminku, Dakta Thankamma tafinta ce kawai."
Muka gaishe shi. Warin magani ya amsa mana a ido.

An riga an buɗe bayan da zarto.
Na zaci zan ga wani abu mai girma,
sai ga laka, fara-fara, ba ta fi ƙaramin yatsana kauri ba,
kwance a ramin ƙashi
kamar lagwani cikin fitilar da aka kashe.

Dakta ta ɗaga tantanin farko da hantsaki.
"Mutanen da sun kira wannan uwa mai tauri.
Ƙarƙashinta saƙar gizo, inda ruwa ke kewayawa,
garau, kamar na ɗanyar kwakwa.
Ta uku uwa mai taushi, ta manne wa ɗanta,
ba a raba su sai an yaga."
Uwa biyu da gizo ɗaya, na rubuta,
duk suna gadin abu guda.

Muka bi lakar sama, ta babbar kafar ƙoƙon kai,
har tushen ƙwaƙwalwa.
Nan aka ajiye numfashi, in ji ta, da bugun zuciya,
da haɗiyar yawu, da tari,
ayyukan da ba wanda ke gode musu.
Nan kuma hanyar dama ke ƙetarawa hagu,
ta hagu ta koma dama,
kamar kwale-kwale biyu a kogin Kallayi.

Sai ta ce mu sauko da ƙirge.
Bakwai na wuya. Na ƙirji, ɗaya, biyu, uku,
Firoz na ƙirgawa da ƙarfi a gefena,
ni yatsana ya tsaya a ta goma sha biyu
ya ƙi gaba.

Shekara talatin Velayudhan yana hawan kwakwa,
igiya a ƙafa, adda a ƙugu,
har safiyar da itacen ya kwana cikin ruwa.
Takardar asibitin tana gwangwanin shayin Janaki, uwata,
harafi ɗaya da lamba.
Tun ina 'yar tara nake karanta su, ban san wuri ba ne.
Ashe wuri ne. Ga shi ƙarƙashin farcena.
Ƙasa kaɗan jijiyoyi sun bazu, wutsiyar doki,
duk suna nan lafiya, suna jiran saƙo.

Da dare na juya shi a gado, kamar kullum, saboda gyambo.
Na fara daga ƙeya.
"Me kike ƙirgawa, Sreelekha?"
"Kana ji nan?"
"Hannunki da sanyi."
"Nan fa?"
"Ina ji."
"Nan?"
Ruwa ne kawai ya amsa, daga indararo.

Na so in gaya masa da faɗuwar ta zo ta wuya
da numfashin ma ya tafi,
amma wa ke yi wa mutum lissafin sa'arsa
alhali yana kallon bango?

"Yaya girmanta?" ya ce.
Na miƙa masa ƙaramin yatsana.
Ya riƙe, ya jujjuya, kamar mai tayin kifi a bakin teku.
"Wannan ce ta kai ni sama duk shekarun nan?"
Ya yi dariya har ya sarƙe,
tari ya zo daga inda Dakta ta nuna.

"Je ki karanta," ya ce. "Ki bar mini taga a buɗe."
Na buɗe littafi a shafin laka.
Can a bayan gida, cikin duhu,
kwakwar da ba wanda ya hau ya tsinko
ta gaji da jira, ta faɗo da kanta.